An tura mahaifiyarmu kilinik ɗin kula da raɗaɗi, me ake yi a can?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Mahaifiyarmu tana da shekara 64, ta fi shekara biyu tana fama da ciwon baya mai sauka har ƙafar hagu, ga tafin ƙafafunta biyu suna yi mata zafi da dare. Tana da siga da hawan jini. Kullum sai ta sha diclofenac, in abin ya tsananta a karɓo mata haɗin kemis. Likitan ƙashi a asibitin koyarwa ya duba hoton bayanta ya ce ba ta kai ga tiyata ba, ya ba mu takarda zuwa kilinik ɗin kula da raɗaɗi. Su wane ne a wannan kilinik ɗin? Kwantar da ita za su yi? Wani ya ce mana allura ake yi a baya, wani kuma ya ce wurin masu ciwon daji ne da aka fitar da rai da su, shi ya sa Hajiya ta ce ba za ta je ba. Don Allah a warware mana.

Dakta Mai Sa Barci:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka fara da kwantar mata da hankali: ba a kwantar da kowa a wannan kilinik ɗin, jeka-ka-dawo ne, kuma ba ɗakin jiran mutuwa ba ne. Gaskiya ne masu ciwon daji suna zuwa, domin a asibitoci da yawa ma'aikatan da ke kula da raɗaɗi su ne dai ke kula da masu ciwon da ba ya warkewa, wani lokacin ma ƙofa ɗaya ake shiga. Amma ciwon baya, ciwon gwiwa, zafin ƙafa na masu siga, ciwon ƙugu na masu sikila, zugin da ke saura bayan tiyata ko bayan an yanke ƙafa, duk nan ake turo su. Ƙa'idar da ake bi ita ce ciwon da ya wuce wata 3 bai tafi ba an daina kallonsa a matsayin alama kawai, ya zama larura mai zaman kanta.

Yawanci sashen likitocin sa barci ne ke riƙe da kilinik ɗin, saboda su suka fi kowa sabawa da allurar kashe jijiya da magungunan raɗaɗi masu ƙarfi. Shi kansa wanda ya shahara da kafa wannan tsari, John Bonica, likitan sa barci ne, kuma abin da ya gina a Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka wajajen 1960 shi ne a tara masana daban-daban a kan mara lafiya ɗaya. Don haka inda abin ya cika za ka tarar da likita, da nas, da mai gashin ƙashi, da mai harhaɗa magani, da masanin halayyar ɗan'adam. Inda bai cika ba, likita ne da nas a ɗaki ɗaya rana ɗaya ko biyu a mako, sauran kuma a rubuta muku takarda ku bi su ofisoshinsu. Ku tambayi ranar kilinik kafin ku kama hanya, kuma idan tana da inshora ku karɓi lambar izini tun kafin ranar.

Ganin farko shi ne mai tsawo, yakan kai rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma kusan duk magana ce. Za a tambaye ta ina ne ciwon ya fara, ina yake bi, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, yana tashinta daga barci ko a'a. Za a ce ta ba shi maki daga 0 zuwa 10. Dattawanmu ba sa son wannan tambayar, ko dai su ce "alhamdulillahi, da sauƙi" alhali ba su runtsa ba, ko su ce 10 kullum. Ku taimaka mata tun daga gida da tambayoyin da ake iya aunawa: minti nawa take iya tafiya kafin ta nemi wurin zama, tana iya ruku'u da sujada ko sai a zaune, sau nawa take farkawa da dare. Da waɗannan za a gane ko magani yana aiki.

Yadda ta siffanta ciwon shi ne rabin aikin. Ciwon gaɓa ko tsoka nauyi ne da tsami, motsi ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi. Ciwon jijiya kuwa zafi ne kamar an shafa barkono, ko suka, ko fizga irin ta wutar lantarki, wani lokacin wurin ya mutu ba ta ji amma kuma yana zugi. Daga bayaninka akwai alamar abu biyu ne suka haɗu mata: jijiyar da ta matse a baya mai aika ciwo ƙafar hagu, da lalacewar ƙananan jijiyoyi ta dalilin siga mai sa tafin ƙafa biyu zafi da dare. Diclofenac ba ya yi wa na biyun komai, shi ya sa take ta ƙara yawa ba ta ganin biyan buƙata. Sai an duba ta za a tabbatar, amma wannan rarrabewar ita ce dalilin tura ta.

Kafin a taɓa maganar magani sai an kawar da abubuwan da ba a jira da su. Rama ba dalili, zazzaɓi da gumin dare, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, tarihin ciwon daji: a ƙasarmu dole a yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, ko daji da ya bazu zuwa ƙashi. Idan kuma ƙafa ta fara rauni tana ja, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba ta sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, ku wuce sashen gaggawa a ranar.

Batun allura: akwai ta, amma ba kowa ake yi wa ba, kuma da wuya a yi a zuwan farko. Wadda aka fi sani ita ce a zuba maganin rage kumburi na sitiroyid tare da na kashe zafi a gefen jijiyar da ta matse, ana kallon bakin allurar a na'urar hoto. Ta fi amfani ga ciwon da ke sauka ƙafa, ba ta cika yi wa ciwon baya zalla komai ba, kuma sauƙin da take bayarwa na makonni ne zuwa wata 3 ko makamancin haka. Akwai wata ta gwaji da ake yi wa ƙananan jijiyoyin gaɓoɓin ƙashin baya. Idan ciwon ya faɗi sosai na 'yan awanni, an gano tushen, sai a dawo a ƙona jijiyoyin da zafin da ya kai digiri 80 na kimanin daƙiƙa 90, wannan yakan ba da sauƙi na wata 6 zuwa shekara kafin su sake tofowa. Ba kowane asibiti ne ke da na'urar ba.

Abin da ya kamata Hajiya ta sa a ranta: a ciwon da ya shekara biyu, ba kasafai ake komawa sifili ba. Idan ya ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, tana barci, tana zuwa unguwa, a wurinmu an ci nasara.

Famasis Abu Nabila:

Dakta ya gama magana a kan tsari, ni bari in tsaya a kan leda. Ranar zuwa, ku tattara duk abin da take sha a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, na gargajiya, har da kwalin da ya ƙare. Kada ku rubuta suna a takarda ku bar maganin a gida. Haɗin kemis ɗin nan, idan aka zazzage shi a tebur, sau da yawa za ka ga diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ƙulli ɗaya, ga sitiroyid, wato dexamethasone ko prednisolone, a ciki. Ukun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, hawan jini ya ƙi sauka, ƙoda ta gaji. Mai siga da hawan jini dama ƙodarta tana cikin matsi. Idan tana shan maganin hawan jini lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari, sannan aka ɗora diclofenac kullum, wannan haɗin guda uku sananne ne wajen durƙusar da ƙoda. Don haka kada ku yi mamaki idan abu na farko da aka yi shi ne gwajin ƙoda da PCV, wato awon yawan jini, aka kuma ce ta ajiye diclofenac. Sitiroyid ɗin kuwa, in har ta daɗe tana sha, ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa, kuma yana iya zama shi ne ya hana sigarta daidaita.

Ga abin da aka saba rubutawa, don ku gane takardar, ba don ku saya da kanku ba. Paracetamol giram 1 sau uku ko huɗu a rana, kada ya wuce giram 4, ga tsoho mara jiki ko mai ciwon hanta ƙasa da haka. A lura da magungunan mura da na haɗi, da yawansu akwai paracetamol a ciki. Ga gwiwa, man shafawa na diclofenac ya fi ƙwaya aminci, domin kaɗan ne ke shiga jini.

Ga ciwon jijiya akwai amitriptyline, ana farawa da miligiram 10 da dare, a ƙara kaɗan-kaɗan duk mako ɗaya ko biyu. Yana busar da baki, yana sa maye da safe da taurin bayan gida, kuma ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon zuciya, mai hawan ruwan ido, da dattijon da fitsari ke yi wa gardama. A sha shi tun bayan isha'i, in aka bari sai sha biyun dare asuba za ta gagara. Akwai pregabalin, wanda aka saba farawa da miligiram 75, ga tsofaffi 25 ko 50, kuma ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka sakamakon gwajin ƙoda ne ke yanke adadin. Akwai gabapentin da duloxetine. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: pregabalin da gabapentin suna taimakon zafin ƙafa na siga, amma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya a Birtaniya tun 2020 ta ce kada a rubuta su don ciwon da ke sauka daga baya zuwa ƙafa, saboda amfaninsu a nan bai kai illarsu ba. Ke nan idan an ba Hajiya, ku tambaya don wane ciwon aka bayar, ku auna shi da wannan ciwon.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne gaggawa. Waɗannan magungunan ba sa aiki a ranar, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4, amma jiri da barci tun daren farko suke zuwa. Sai mutum ya sha kwana uku ya ce bai karɓe shi ba ya watsar. Wani kuma ya ji daɗinsa wata shida, kuɗi ya yanke, ya tsaya cak, sai rashin barci da gumi da faɗuwar gaba. Da hawa da sauka duk a hankali ake yi.

Tramadol ba ya wuce miligiram 400 a rana ga babba mai lafiyar ƙoda, kuma ƙwayar asibiti 50 ce ko 100. Mai 225 da ake sayarwa a bayan fage ba ta da gurbi a takardar likita. Haɗa tramadol da amitriptyline ko duloxetine yana iya jawo farfaɗiya ko rikicewa, haɗa shi da pregabalin yana danne numfashi. Allurar pentazocine kuma, wadda wasu masu sikila kan koyi yi wa kansu, tana kashe tsoka ta bar gyambon da ba ya warkewa. Wani ɓangare na aikin kilinik ɗin shi ne raba mutane da ita ba tare da an wulaƙanta su ba.

Mai Gashin Ƙashi:

Ni dai zan ɗan ja da yadda ake ɗaukar allura, ba da Dakta ba, da mu 'yan rakiya. Da zarar an ji akwai allura sai kowa ya zuba mata ido, a ɗauki gashin ƙashi a matsayin abin cike gurbi. Alhali amfanin allurar shi ne ta buɗe makonnin da mutum zai iya motsa jiki ya ƙarfafa tsokar baya da ta cinya. Wanda aka yi wa ya koma ya kwanta, bayan wata uku yana nan inda yake.

Kuma gashin ƙashi ba fitila da tausa ba ne kawai. Ɗumi na minti 15 zuwa 20 da na'urar TENS mai aika ɗan lantarki ta fata suna sassautawa na ɗan lokaci, amma aikin gaske shi ne atisayen da za a koya mata ta riƙa yi a gida. Hanyar da muke bi: a auna kwana uku minti nawa take tafiya kafin ciwon ya tsayar da ita. A ce an samu 10. Sai ta fara da 8 kullum, ranar daɗi da ranar wuya, a ƙara minti ɗaya duk mako. Abin da ke rusa shirin shi ne ranar da ta tashi garau ta share tsakar gida ta yi wanki ta je biki, sannan ta kwanta kwana uku. Kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara sandarewa take yi. Bel ɗin baya ma na ɗan lokaci ne, ba na wuni da kwana ba.

A gyara gida: kujerar banɗaki maimakon tsuguno, kujerar girki mai ɗan tsayi, salla a kan kujera a ranar da sujada ta gagara. Sannan gargaɗi na musamman gare ta: mai siga da ƙafarta ta fara mutuwa ba ta gasa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi, za ta ƙone ba ta ji ba. Tsaga da ƙaho a ƙafar ma haka, ƙaramin rauni ne ke zama gyambo.

In an ce ta ga masanin halayya, kada ta ce an mai da ita mahaukaciya. Ciwo yana hana barci, rashin barci da damuwa suna ƙara ciwo, shi aikinsa ya tsinke wannan zagayen.

Baban Ilham:

Allah ya saka muku da alheri, na karanta mata ta yarda za ta je. Sauran biyu. Na duba ledar na ga clopidogrel, likitan zuciya ne ya ba ta. Yana da matsala da allurar? Sannan ƙanwarta ta ce idan aka fara ba mutum mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfin nan, shi ke nan ya kamu. Za su ba ta?

Sista Maman Haidar:

Gara da ka duba, Malam. Clopidogrel yana tsinka jini, kuma allura a kusa da laka ga mai shan sa tana iya tara jini ya danne jijiya. Abin da aka saba shi ne a dakatar da shi kwana 7 kafin allurar, warfarin kuma, wani maganin tsinka jini, kwana 5 tare da gwajin INR mai auna daskarewar jini. Amma kada ku tsayar da kanku. Likitan raɗaɗi ne zai tuntuɓi likitan zuciya, domin akwai wanda tsayar masa ya fi ciwon bayan haɗari, musamman wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki kwanan nan. Irin wannan sai a fasa allurar a bi wata hanya.

Idan an sa ranar, ta zo da ɗan rakiya, ta yi wanka, kada a shafa mai ko magani a bayan. Ku tambaya ko za ta ci abinci, domin ya danganta da ko za a ba ta abin sa gyangyaɗi, kuma mai siga ba a barinta da yunwa haka kawai. Za mu auna jini da siga da zafin jiki. Zazzaɓi, ƙurji a wurin allurar, ko siga da ta yi sama sosai, kowanne yana sa a ɗage. Za ta sa hannu a takardar amincewa, ta kwanta rub-da-ciki, aikin kansa bai cika wuce minti 20 ba, sai ta huta rabin awa zuwa awa ɗaya muna duba ƙarfin ƙafarta. Ƙafar tana iya yin nauyi na 'yan awanni, a riƙe ta wajen hawa mota. Da maganin kashe zafin ya sake ta ciwon zai dawo, har ya ɗan fi na da kwana ɗaya ko biyu. Ba lalacewa aikin ya yi ba, sitiroyid ɗin yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7 kafin ya kama. A wannan makon sigarta za ta hau, a riƙa aunawa safe da yamma. Ku dawo ba tare da jiran rana ba idan ta yi zazzaɓi, ko ƙafa tana ƙara rauni, ko fitsari ya rikice, ko ciwon kai mai tsananta in ta zauna ya lafa in ta kwanta.

Mofin kuma, da wuya a ba Hajiya. Ga ciwon baya na shekaru amfaninsa kaɗan ne, matsalarsa ta fi yawa. Wurinsa shi ne ciwon daji da makamantansa, bisa matakai uku na ba da maganin raɗaɗi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986. Ruwa ne ake sha, yawanci a fara da miligiram 5 duk awa 4, tsoho 2.5, a auna da sirinji ba da cokalin shayi ba, kuma tare da maganin sassauta ciki tun ranar farko domin taurin bayan gida ba ya tafiya da kansa. Mai ciwon daji da ke sha a kan ƙa'ida ƙarƙashin kulawa ba kasafai yake zama ɗan ƙwaya ba. Jikinsa dai yana sabawa, shi ya sa ba a yankewa farat ɗaya. Ana rubuta kowace kwalba a rijista, a gida kuma a kulle ta inda yara da samari ba za su kai ba.

Bayan ganin farko akan ba da mako 2 zuwa 4 a dawo, in abubuwa sun daidaita a koma wata 3. Ku samo ƙaramin littafi ku riƙa rubuta makin ciwon safe da dare, awannin barci, da mintunan tafiya, ku zo da shi tare da katinta da hotunan da sakamakon gwajin siga na baya-bayan nan. Idan azumi ya kusa ku faɗa tun yanzu, don a tsara magungunan da za su zauna tsakanin buɗa-baki da sahur.